Bille Mai Wutsiya

Gwaggo Tabawa ce ta ba mu wannan labarin muna ɓarar gyaɗa, har yau gidanmu ba a gama musu a kansa ba. Ni dai na gaji, shi ya sa na kawo muku.

Wai akwai wata tsohuwa, Inna Kande, mai 'ya'ya maza huɗu. Babbansu Tanimu ya tafi ci-rani kudu, shiru, shiru, shekara da shekaru. Mutane suka ce ta haƙura. Ita kuwa cewa take ko cikin dubu za ta gane ɗanta, don ranar da wanzami yake masa bille jaririn ya yi atishawa, aska ta zame, billen ya fito da 'yar wutsiya.

Sabi'u, mai bi wa Tanimu, ya ga zaman shiru zai kashe uwarsu. Ya sayar da bijiminsa ya sayo mata talabijin ƙatuwa, irin ta manna wa bango. Sai dai yadda aka kunna ta a kanti haka aka bar ta. Ja ya yi ja har ya ɓaci, kore kamar an zuba fenti, mutum kuwa in yana cikin inuwa fuskarsa baƙi ƙirin, ido kawai za ka gani.

Haladu shi ne mai haƙurin zama da ita. Wata rana ana nuna kasuwar albasa ta wani gari a kudu, sai wani ɗan dako ya gifta ƙarƙashin rumfa. Inna ta ce tafiyar nan ta san ta. Wani zai ce tsufa ne. Haladu bai ce ba. Ya yi ta gadin tashar har aka maimaita shirin, ya naɗe shi a filashi. Aka tsayar da hoton, aka duba, aka sake dubawa. Ba fuska, sai duhu.

Sai auta, Mudi, ya ce zai ɗauko wani mai daidaita hoton talabijin daga birni. Gida ya ɗauki dariya. Sabi'u ya ce, "Kai auta, lafiyayyen abu za ka kira wa likita? Rimot ɗin me ya yi maka?" Ai kuwa sun sha latsa rimot ɗin, sai hoton ya yi fari fat kamar an wanke shi. Mudi ya sayar da kekensa ya biya. Mutumin ya zo, ya sa aka rufe labule, ya manna wa gilashin wata 'yar na'ura kamar kwaɗo, ya yi ta gyara haske da launi har Inna ta yi gyangyaɗi.

Da ya gama aka sa filashin. Inuwar rumfa ta buɗe. Ga kunci, ga bille, ga wutsiya.

Inna ta dafa gilashin ta ce, "Tanimu, ka rame."

Bari in taƙaita. Sun je sun same shi. Ashe jarinsa ne ya karye, kunya ta hana shi dawowa hannu wofi. Ya dawo gida tare da matar da ya aura a can, tana da tsohon ciki, ba a jima ba ta haifi namiji. Tanimu ya ce yaron nan sunan wanda ya nemo shi zai ci, ba shi da abin godiya da ya fi wannan. Sai ya dubi ƙannensa uku ya rasa wanda zai zaɓa. Ba talabijin, ba wanda zai gan shi. Ba filashi, ya gifta ya wuce ke nan. Ba gyaran hoto, har yau duhu suke kallo.

Nan Gwaggo ta tsaya, wai ga rago a ɗaure, liman na jira. To ku faɗa mini: Sabi'u, Haladu ko Mudi, sunan wa za a raɗa wa jaririn?