Kurege da Ciyawar Kallo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, a gyara zama, ba na faɗa sau biyu.

Agwagwa ce ta je yawon duniya, ta dawo da wata ciyawa. Doguwa ce, karanta siriri, kanta a baje kamar tsintsiyar da aka kwance. Ta dasa ta a tukwane, ta jera tukwanen a kududdufinta, ruwa har wuyan tukunya. Da sanyi ya shigo ta yi mata rumfar gilashi, ita kuwa tana kwana a fili.

Ran nan Kurege ya zo wucewa, ya tsaya. Ya duba ganye, ya sansana, ya ga ai dangin aya ce. Ayar gonarsa da ba ta kai gwiwa ba tana ba shi 'ya'ya kamar tsakuwa. To wannan da ta fi Kura tsayi fa? Ya haɗiye yawu.

Ya ce, "Yaya Agwagwa, yaushe ake haƙar ta?"

Ta ce, "Ba a haƙar ta. Ta kallo ce."

"Ta me?"

"Ta kallo. A zauna a dube ta, rai ya yi sanyi."

Kurege ya yi dariya a cikinsa. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin an gina wa abin da ba a ci ɗaki ba. Lallai rowa ce. Agwagwa ta ce bari ta tsaga masa saiwa kyauta, ya ƙi, wai mara haihuwa za ta zaɓa masa. Shi babbar tukunyar nan yake so. Ya yi naci, ya yi naci, har ya kwashe ayar rumbunsa kaf, har da ta iri, ya ba ta. Ta ce to, amma kada gindinta ya bushe ko na yini.

Ya haƙa gurbi a ƙofar raminsa, ya sa tukunya. Ya ɗebo ruwa ya zuba, ya ɗebo ruwa ya zuba. Damina ta faɗi, kowa ya tafi shuka, shi yana ɗibar ruwa. Ruwa ya cika gurbi, ya gangara rami, ya jiƙa tabarma. Kaka ta yi, kowa na haƙar aya, shi ma ya zura hannu cikin tukunya. Ya lalubo taɓo. Ya sake lalubawa, ya jawo saiwa kamar gashin tsohuwa. Ya gatsa, ya tofar.

Ya ruga wurin Agwagwa a kan ta mayar masa da ayarsa. Ta shafa ciki, ta ce ai ta gaya masa tun farko.

Ga rani tafe, ga rumbu wayam. Sai Kurege ya tashi ya aro zana ya kewaye ciyawar, ya bar ƙofa ɗaya. Ya shiga kasuwa yana sakace, alhali bai karya ba. Ya ce yana da ciyawar ƙetare, amma ta ƙosassu ce, waɗanda abinci ya ishe su a gida. Mai son gani ya zo da tafin hatsi ko aya. Wanda kuwa ya tambaya ko ana cin ta, ya tona wa gidansa asiri da bakinsa.

Wa zai yarda a ce gidansa da yunwa? Kura ce ta fara zuwa, cikinta na ƙugi. Ta zauna, ta dubi ciyawa, ta dubi ciyawa, ta fito tana cewa, "Madalla. Sai mu da muka ƙoshi." Biri ya zo, Bushiya ta zo, kowa ya shiga da tafinsa ya fito yana gyaɗa kai. Akuya ta shiga har ta buɗe baki za ta gatsa, ta waiga ta ga surukinta zaune, ta mayar da abin hamma.

Kafin rani ya raba, rumbun Kurege ya cika har yana zuba.

Sai ga Agwagwa da kanta, da ayarta a tafi. Ta shiga ta daɗe tana kallo. Da ta fito ta ce, "Malam Kurege, ka ga taka ta fi tawa kyau. Me kake zuba mata?"

Ya karɓi ayar, ya ce, "Yaya, taki kowa na gani daga hanya. Tawa da zana."

Kurunkus, ta ƙare a nan. Mai son ci ya shuka aya. Wanda ba ya iya noma kuma, ya nemi zana, wawaye ba sa ƙarewa a gari. Ku tashi ku wanke kwanoni.