Makiyayin da Ya Kai Hannun Wansa

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina. Hadari ya haɗu a gabas tun da safe, bai zubo ba.

Akwai wani mutum, makiyayi, wanda ya sauka gari wurin wani tsohon maƙeri domin a ƙera masa wuƙa. Mutumin nan ba shi da yatsu biyu a hannun dama. Ya rasa su a faɗan giya tun yana saurayi. Ya daɗe da barin giya, amma kunyar ba ta bar shi ba. Kullum hannun yana cikin aljihun riga.

Shi kuwa maƙerin yana da al'ada. Ba ya sassaƙa ƙotar wuƙa sai mai ita ya matse dunƙulen yumɓu mai laushi, ya ga yadda yatsunsa suke kwanciya. A kan wannan yake aiki.

Ya miƙa wa makiyayin yumɓu ya ce, "Matse."

Akwai mutane zaune a maƙerar. Makiyayin ya karɓa da hagu ya ce, "Baba, hadari zai tare ni. Gobe na kawo."

Da ya isa gida sai ya kai wa wansa, ƙato mai cikakken hannu. Ya ce, "Yaya, matse mini wannan."

Wan ya yi dariya ya ce, "Ni za a ƙera wa, ko kai?"

Ya ce, "Kai dai matse."

Washegari ya kai. Maƙerin ya juya yumɓun, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Hannunka ne wannan?"

Ya ce, "Nawa ne."

Tsohon ya ƙera ƙarfen, ya wasa shi. Ya yanko itacen ƙirya ya sassaƙa ƙota mai kauri, da gurbin yatsu huɗu, ya sa ƙahon bijimi a gindinta. Ya jiƙa fata ya ɗinka kube a jikin wuƙar, ta bushe a kanta. Aiki ya yi kyau. Makiyayin ya rataya ta a kugu, duk wanda ya gani sai ya yaba. Idan zai yanka abu sai ya koma gefe ya lallaɓa da hannu biyu.

Yana da saniya guda mai ciki, ita ce dukan abin da yake nasa. Sauran garken na mutane ne. Wata rana ya ɗaure ta a turke a bakin rafi, inda ciyawa take da kyau. Aka yi ruwa a kan tudu, rafi ya kawo farat ɗaya. Kafin ya iso, ruwa ya kai wuyanta, igiya kuma ta riƙe ta.

Ya faɗa ruwan. Ya kama ƙahonta da hagu ya ɗaga kanta. Ya zaro wuƙa da dama ya ɗora a kan igiya. Wuƙar tana da kaifi, igiyar ba ta da kauri. Amma ƙotar ta yi wa hannunsa yawa, ga ta a jiƙe, gurbi biyu kuma ba yatsa a cikinsu. Ya danna, ta juya. Ya sake dannawa, ta suɓuce ta nutse.

Ya ja igiyar, ya sa haƙori. Saniyar ta mutu yana riƙe da ƙahonta.

Ga ma'anar misalin nan. Maƙerin shi ne Ubangiji. Yumɓun kuwa addu'armu ce. Da yawa a cikinmu muna zuwa gabansa da hannun wani. Mukan ari kalmomin dattijon ikkilisiya, mu ari shaidar maƙwabci, mu faɗi zunubin da ba ya ba mu kunya, mu bar na gaskiyar a aljihu. Irin wannan bangaskiya tana da kyau a kugu ranar Lahadi. Ranar da rafi ya kawo, ba ta zama a hannu. Ubangiji bai ce sai kana da yatsu biyar ba. Ya ce ka kawo hannun da kake da shi. Ni ma na yi shekaru ina kai na wani, shi ya sa nake faɗa muku.

Shi dai makiyayin nan, da gari ya waye ruwa ya janye, ya tono wuƙar a cikin laka. Ya sauka gari. Maƙera cike take da mutane. Ya ajiye wuƙar a gaban tsohon.

Ya ce, "Baba, ba hannuna ba ne."

Tsohon ya ce, "Na sani."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ai na tambaye ka."

Makiyayin ya fitar da hannunsa daga aljihu, kowa yana kallo, ya miƙa. Tsohon ya ɗebo yumɓu ya ɗora masa a tafi. Ya matse.