Nauyin da Royce Ya Mayar Baya

Yayana Royce Tackett mutum ne mai kyauta, ga iya gyaran inji, amma yana da hali guda da ya fi ƙarfinsa: ba ya jure a yi masa dariya. Idan ka nuna masa kuskure a gaban mutane, to ka ƙara ɗaure shi ne a kan kuskuren. Matarsa Darlene ta san haka, shi ya sa ta saba lallaɓa shi ko a inda ya kamata ta tsaya da ƙafarta.

Duk ƙarshen watan Mayu mukan tashi daga garinmu Tremonton, a Amurka, zuwa tuddan yashi na St. Anthony, mu kafa zango, a yi ta hawan babura har hutu ya ƙare. A shekarar da abin ya faru, Royce ya ce ya gaji da kwanan tanti. Ya tafi sayen tirela irin wadda ƙaramar mota ke ja, gabanta ɗaki da kicin, bayanta garejin babura. Mai sayarwa ya tambaye shi motar da za ta ja, sannan ya nuna masa wata matsakaiciya. Royce ya ce shi ba akurkin kaji ya zo saye ba. Ya zaɓi wadda ta fi kowace tsawo a filin, bai ko duba nauyin da a-kori-kurarsa za ta iya ɗauka ba.

Ranar tafiya da safe muka isa gidansu ni da mijina Wendell. An riga an haɗa tirelar. Bayan a-kori-kurar ya zauna ƙasa, gabanta ya ɗaga sama.

"Kai, Royce," in ji Wendell, "motar nan durƙusawa take yi? Me ta yi maka take neman gafara?"

Maƙwabcinsu da ke ban ruwan ciyawa ya fashe da dariya. Kunnuwan Royce suka yi ja.

Ya zagaya bayan tirelar. Ya sauke ƙofar garejin. Baburansa biyu da na Darlene suna ɗaure da kyau can ciki, daidai saitin tayoyin tirelar. Ya kwance su, ya turo su har bakin ƙofar baya, ya sake ɗaurewa a gaggauce, ya jera jarkokin mai a gefensu. Sannan ya sunkuya ƙarƙashin gaban tirelar ya buɗe tankin ruwa. Ruwan ya yi ta malala har titi. Muna kallo bayan motar ya riƙa tasowa a hankali, har ta tsaya daidai.

"To, sai a yi dariya yanzu," in ji shi.

Wendell ya daina dariya. "Wasa nake yi, mutumina. Mayar da su inda suke. Tirela sai nauyinta ya rinjaya gaba take bin mota. In ka sauƙaƙa mata gaba, bayanta ne zai riƙa juya ka."

"Ka gama wa'azin, Fasto?"

"Akwai sikelin manyan motoci a gidan man bakin hanya. Mu biya a auna, in lafiya mu wuce."

"Kafin mu gama bin layin direbobi wasu sun kama mana wurin zango. In tsoro kake ji, tsoho, biyo ni a baya."

Na ja Darlene gefe. "Zo ki shiga motarmu. Ki ce masa hira za mu yi."

Ta dubi mijinta yana buga ƙofar garejin da ƙarfi. "Lorna, in na bar shi yanzu, kamar na ce Wendell ne ke da gaskiya. Kin dai san ɗan'uwanki. Zan riƙa tuna masa ya rage gudu."

Ta shiga kusa da shi, ta ɗaura bel.

Muka bi su a baya. Tun a shimfiɗaɗɗiyar hanya na lura bayan tirelar ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya ɗan karkata hagu, ya dawo, ya ɗan karkata dama. Wendell ya kashe rediyo. Na kira Darlene a waya.

"Ina ji a jikina," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na gaya masa."

Na jiyo muryar Royce: "Ce wa mijinta ya kula da tasa motar." Wayar ta katse.

Da muka fara hawan tudun da ke bayan garin Malad, sai tirelar ta natsu, saboda inji yana jan ta sama. Har Royce ya fito da hannu ta taga ya ɗaga mana babban yatsa. Ni dai idona yana kan ƙeyar Darlene da nake hange ta gilashi duk sanda hanya ta lanƙwasa.

Muka kai saman tudun, gangara ta fara. Iska tana bugowa daga yamma. Wata babbar motar dankali ta taso ta wuce su da gudu, iskarta ta ture tirelar. Bayan tirelar ya tafi dama, ya dawo hagu, ya sake komawa dama, kowane juyi ya fi na baya faɗi.

"Kar ka taka birkin mota!" Wendell ke ihu, alhali ba mai jin sa. "Birkin tirela, Royce, na hannu!"

Jajayen fitilun birki suka kama. Daga cikin garejin muka ji ƙarar ƙarfe na dukan ƙarfe, igiyoyin da ya ɗaure a gaggauce sun saki baburan. Tirelar ta gitta titi, ta ɗaga bayan motar, ta kifar da ita cikin kwari ta ɓangaren da Darlene take.

Royce ya fito da kansa ta taga, ƙujewa ce kawai a goshinsa. Ni na kwanta a kan tsakuwa na zura hannu ta fasasshen gilashi. Darlene ta riƙe ni. Idonta biyu, muryarta a natse.

"Lorna, duba mini. Ƙafafuna suna nan? Ba na jin su."

Sai da 'yan kwana-kwana suka yanka motar kafin aka fito da ita. Ta rayu, amma ƙashin bayanta ya karye, kuma tun ranar ba ta sake tsayawa ba. Royce ne ke ɗaga ta daga gado zuwa keken guragu kowace safiya, shi ke mayar da ita. A danginmu ba wanda ya taɓa tayar masa da zancen safiyar nan, ita ma ba ta taɓa yi ba. Na sha ganin sa ya tsaya riƙe da ita a hannu yana duban fuskarta, kamar yana jira ta tayar da zancen.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Wanda zai ja kaya a kan titi ya fara sanin ƙarfin motarsa kafin ya zaɓi tirela, ya bar nauyi ya rinjaya gaba, ya ɗaure babura a natse, ya auna a sikeli maimakon ya dogara da ido. Abin da ya fi wannan kuwa, kada mutum ya bari kunyar dariyar mutane ta yanke masa hukunci. Dariya takan wuce kafin a kai bakin titi, amma hukuncin da aka yanke don gudunta, sau da yawa wanda ke zaune a gefenka ne ke ɗaukar sakamakonsa har ƙarshen rayuwa.