Rajistar Isyaku da Albasar Malam Gwadabe

Akwai wani matashi a Sabon Garin Wudil, sunansa Isyaku, wanda ya karanci ilimin kwamfuta. Wajen shekarar 2012 ke nan, lokacin da gangar mai take tsada, kuɗi suna yawo a ƙasa, kowace ƙungiya tana so a ce ita ma tana da kwamfuta a ofis.

Wata ƙungiyar manoman rani da ke wajen Utai ta nemo shi. Manoma ɗari biyu da goma sha uku ne, babban injin ban ruwa ɗaya suke da shi, magudana ɗaya ke kai wa kowa ruwa. Duk lokacin da za a yashe magudanar, sai an tura mutum a kan babur gida-gida. Isyaku ya rubuta musu manhajar da za a danna sau ɗaya, saƙon tes ya shiga wayar kowa.

Ranar gwaji kuwa, abin sai wanda ya gani! An taru a gindin mangwaron ofis, Isyaku ya danna, sai wayoyi suka ɗauki ƙara daga kowane aljihu. Tsofaffi suna ta dariya suna nuna wa juna. Shugaban ƙungiya, Alhaji Maikano, ya ɗaga hannun Isyaku sama.

"Daga yau ba Isyaku ba ne, Injiniya ne!"

Isyaku ya ji kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

To, kowace manhaja ta kirki tana da rajistar da take rubuta abin da ta yi da kanta, layi bayan layi, don idan abu ya ɓaci a san daga ina ne. Masu sana'ar suna ce mata log. Isyaku ma ya yi wa tasa, amma cikin minti biyar, yana sauri. Suna kawai take rubutawa, sai kalma biyu: "An aika."

Ƙungiyar tana da doka. Wanda aka kira yashe bai zo ba, bai kuma aiko kowa ba, za a rufe masa ruwa mako biyu.

Wata Asabar aka yi yashe, ba a ga Malam Gwadabe ba. Dattijo ne da ya shekara talatin yana noman albasa, kuma kowa ya san shi ne mai fara shiga ruwa da shebur. Aka kira shi gaban kwamiti, a taron duk 'yan ƙungiya.

"Ranka ya daɗe, ni dai saƙo bai zo mini ba," in ji shi, ya miƙa wayarsa. "Ga ta, a duba."

Wani daga baya ya ce, "Ai goge saƙo ba shi da wuya, Malam."

Alhaji Maikano ya juya. "Injiniya, me ƙarfen ya ce?"

Isyaku ya buɗe rajista, ya gyara murya, ya karanta yadda na ƙarshen taro zai ji: "Gwadabe, an aika." Sannan ya yi murmushi. "Baba, mutum ne yake mantuwa. Kwamfuta ba ta yi."

Aka yi dariya. Aka rubuta sunan dattijon a littafin masu laifi, aka toshe bakin da ke kai ruwa lambunsa. Fangali arba'in na albasa, ta fara kumbura a ƙasa, ga zafi ya kankama.

Malam Gwadabe bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Allah ya san gaskiya." Daga ranar ya dinga ɗauko ruwa daga kogi a jarka biyu a kan keke. Isyaku ya wuce shi sau biyu a hanya, ya kau da kai. A ransa yana cewa, rajista dai ta faɗi.

Kwana na tara, kwamiti yana zaune bayan la'asar, sai ga wata mata ta yi sallama. Barakatu ce, 'yar Malam Gwadabe, malamar firamare a Darki. Ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gida da aiki, sannan ta dubi Isyaku.

"Injiniya, tambaya ɗaya na zo da ita. Ni idan ina kiran suna a aji, ba na sa wa yaro alamar ya zo sai ya amsa da bakinsa. Ita wannan rajistar taka, yaushe take rubuta 'an aika'? Bayan saƙo ya tafi, ko tun kafin ya tashi?"

Isyaku ya yi 'yar dariya. "Malama, wannan fa ba aji uku ba ne."

"Na sani. 'Yan aji uku ba sa rufe wa mutum ruwa."

Wasu suka ƙyalƙyale. Kunnen Isyaku ya yi zafi.

"Ga abin da nake roƙo," ta ci gaba. "Cire layin wayar da ke cikin ɗan akwatin nan da yake tura saƙon. Ka ba Alhaji ya riƙe. Sai ka aika, mu ga me za ta rubuta."

"Shi ke nan? Ai wannan da sauƙi!"

Ya miƙe da ƙarfin gwiwa. Ya zare layin, ya ɗora a tafin hannun Alhaji Maikano. Mutane suka matso, na waje suka leƙo ta taga. Kowa ya fito da wayarsa ya riƙe. Isyaku ya danna.

Shiru. Babu wayar da ta yi ko motsi.

A fuskar kwamfuta kuwa layuka suna ta gangarowa. An aika. An aika. An aika. Sau ɗari biyu da goma sha uku!

Alhaji Maikano ya dubi layin da ke hannunsa, ya dubi kwamfutar. "Innalillahi! Injiniya, da me ta aika? Ga layin nan a hannuna!"

Ofis ya kaure. Wani yana tafawa, wani yana salati, wani yana cewa, "Wallahi ƙarfen nan ya fi ɗan kamasho iya baki!"

Isyaku bai ji ko ɗaya ba. Ya buɗe cikin manhajar, sai ga abin ɓaro-ɓaro, da rubutunsa. Umarnin rubuta rajista ne a sama, na aikawa a ƙasa. Idan kuma aikawar ta gaza, ya tsara manhajar ta yi shiru ta wuce na gaba, don kada ta tsaya a gaban mutane ya ji kunya. Ashe duk watannin nan niyyarta take rubutawa, ba aikinta ba.

"Alhaji," ya ce, "laifina ne. Rajistar nan ba ta san wanda saƙo ya je wa ba."

"To, me ya hana na Malam Gwadabe zuwa?"

"Ban sani ba. Ba ta rubuta ba."

"Mutum bakwai muka rufe wa ruwa a baya da shaidarta. Cikinsu wa ya samu, wa bai samu ba?"

Isyaku ya sunkuyar da kai. Babu lokaci a rajistar, babu amsar kamfanin waya, babu komai. "Ba za a taɓa sani ba, ranka ya daɗe."

Bai jira umarni ba. Ya fizgi shebur a bayan ƙofa, ya haye babur, matasa suka mara masa baya da gudu. Da takalminsa mai sheƙi ya faɗa magudana ya dinga kwashe toshiyar. Ruwa ya ɓalle ya shiga lambu, mutane suka sa kabbara.

Malam Gwadabe yana tsaye da jarka a hannu. Suka bi lambun tare. Fangali ashirin da shida za su tashi. Goma sha huɗu sun riga sun ƙone.

Isyaku ya durƙusa a cikin laka. "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, ɗan nan. Tashi, wandonka zai ɓaci." Dattijon ya ajiye jarkar. "Amma ka je ka koya wa abin nan naka ya dinga cewa 'ban iya ba'. Ba abin kunya ba ne."

Kwana uku Isyaku ya yi yana sake ginin rajistar. Yanzu kowane layi yana ɗauke da rana da lokaci, da wanda aka nufa, da abin da kamfanin waya ya amsa. "An gwada" daban, "ya isa" daban. Wanda ya gaza kuwa da ja yake fitowa, tare da dalili. A kiran yashe na gaba jajaye goma sha ɗaya suka fito, sabis ne ya ɗauke ana tsaka da aikawa. Isyaku ya yi tsalle kamar an yi masa albishir.

"Ta faɗi gaskiya! Alhaji, zo ka ga, ta ce ba ta iya ba!"

Ya kwafi sunayen a takarda, ya bi su gida-gida da kansa.

Shi ya gyara nasa. Kwamiti fa? Da Barakatu ta koma ta nemi a soke sunan mahaifinta da na sauran bakwai daga littafin masu laifi, a kuma faɗa a gaban taro, sai aka ce mata, "Haba Malama, ai magana ta wuce."

Ba ta wuce ba, jama'a! Da ƙarfi aka ƙaryata dattijon nan a gaban mutum ɗari biyu. Da ƙarfi ya wajaba a wanke shi, a wuri ɗaya, a gaban mutanen nan dai. Shaidar da aka hukunta mutum takwas da ita ta rushe a tafin hannun shugaba, amma sunayensu suna nan a shafi na sha biyu, da jan biro. Layi takwas ne kawai. Sokewa ba za ta ci minti ɗaya ba.

Darasi: Kai mai rubuta manhaja, rajistarka shaida ce, kuma wata rana da ita za a yanke wa wani hukunci. Kada ta rubuta an yi sai an yi ɗin. Ta faɗi yaushe, ga wa, kuma idan ta gaza ta faɗa a fili da dalili. Ku kuma shugabanni, idan shaida ta rushe, hukuncin da aka ɗora a kanta ya rushe, ku wanke wanda kuka ɓata a inda kuka ɓata shi. Ku tura labarin nan ga duk ɗan kwamfutar da kuka sani, da duk wanda yake zama a kwamiti, har ya isa inda ya kamata.