Motar da Ta Ɗaga Hanci

Ya 'yan uwa, ku gyara zama ku saurara. An yi wani mutum, direba, yana da motar shiga daji mai buɗaɗɗen baya. Ita ce gonarsa, ita ce kasuwarsa. Da ita yake kai kaya da mutane ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba.

Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, kuma ana ganinsa a sahun salla. Ciwonsa dai shi ne ba ya son a fi shi, ba ya son a gyara masa.

Yana da wa, bakanike, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa tuƙi. Garejinsa rumfar kwano ce, ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai, ga wani benci da aka tokare da taya. Duk abin da ya sami motar, nan ake kawo ta.

Wata rana a tasha wani direba ya shigo da mota da aka ɗaga, tana tsaye kamar za ta taka sauran. Mutane suka kewaye ta. Wani ya dubi mutumin nan ya ce, "Taka kam kusa da wannan ai akuya ce a gefen raƙumi." Aka yi dariya aka watse, kowa ya manta. Shi bai manta ba.

Washegari ya nufi shagon kayan mota neman sifirin ɗin gaba, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin inji. Mai shago ya nuna masa wanda aka yi daidai da motarsa, ɗagawarsa kaɗan ce, kuma yana da ɗan tsada. A lungu kuwa ga waɗansu dogaye masu kauri, kwancen wata babbar mota, sun sha sabon fenti, ga araha. Bai tambayi nauyin da aka yi su dominsa ba. Tsawo kawai ya gani, ya ɗauka.

Da wansa ya ga kayan, ya juya su a hannu ya ce, "Ƙanena, ba tsawo ake dubawa ba, nauyin gaban mota ake dubawa. In ka ɗaga ta haka, tiyon robar da ke kai man birki ga taya ya yi gajere. Ranar da taya ta faɗa rami, zai miƙe ya tsinke. Ka mayar da su, mu ɗaga ta kaɗan, mu sa dogon tiyo. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

Ku ji amsar da ya ba wanda ya raine shi. Ya ce, "Yaya, kai a ƙarƙashin motocin mutane ka tsufa, shi ya sa ba ka son ganin abu a sama."

Wan ya ajiye kayan. Ya ɗauki tsumma ya goge hannunsa, ya koma kan aikinsa.

Mutumin nan ya kai motar wani gareji inda ba a tambaya, abin da ka ce shi za a yi maka. Aka ɗaura sifirin, aka bar tsohon tiyo. Mota ta fito ta ɗaga hanci, mai ita ma haka.

An yi kallo a tasha na 'yan kwanaki, sannan ido ya saba. Abin da ya rage masa shi ne mota mai jijjiga ƙashi, da sitiyari mai karkarwa a hannu in ya taka wuta. Yana ji a jikinsa cewa wansa ya yi gaskiya. Amma da wane baki zai koma? Sai ya riƙa wuce garejin ko hon babu. A tasha kuma ya daina zama a bencin direbobi, don kada wani ya tambaye shi yadda motar take. Can sama a mazauninsa yake cin abinci shi kaɗai, gilashi a rufe.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa mahaifiyarsu ba ta da lafiya a ƙauye, tana neman su. Da safe sai ga wan a ƙofar gidansa, matar wan na biye da shi riƙe da ledar magani. Bai ɗaga tsohuwar magana ba. Ya ce, "Mama ce. Tashi mu tafi."

Kafin ya shiga, ya dafa taya zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Mutumin nan ya yi saurin tare shi. Ya ce, "Yaya, kada ka ɓata kayanka, an gyara."

"Ka canza tiyon?"

"Wallahi na canza."

Wan ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce, "Tunda ka ambaci Allah, magana ta ƙare." Ya karɓi ledar daga hannun matarsa ya shiga.

Ya 'yan uwa, me ya saya da wannan rantsuwa? Don kada ya ce "Yaya, ka yi gaskiya," ya ɗauki sunan Ubangijinsa ya rufe tsohuwar roba da shi.

A hanya wan ya saki jiki yana hira, yana tuna masa ranar da ya fara riƙe sitiyari ya ture katangar maƙwabci. Yana dariya. Sau da yawa maganar ta zo wa mutumin nan har baki, ya haɗiye. Da ya tsaya a gefen hanya ya faɗa, me zai rasa? Faɗan ɗan uwa ne kawai, da ɗan jinkiri.

Suka iso wani gangare da ke sauka rafi, ruwa ya zaizaye shi. Tayar gaba ta faɗa rami, motar ta yi tsalle. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, babu komai. Mota mai tsawo ba ta da wuyar kifewa. Ta karkata, ta juya, ta gangara.

A asibiti ya farka, ƙafarsa ɗaya ta tashi aiki. Kafin ya buɗe ido an riga an binne wansa.

Waɗanda suka janyo motar sun ga tsohon tiyo a tsinke, magana ta bazu. Da ya dawo gida, matar wansa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Ta ce, "Ina tsaye ka rantse." Ta juya.

Mahaifiyar ta warke, aka dawo da ita gidan marigayin. Ya dogara sanda ya je, ya yi sallama daga waje. Tsohuwa ta zabura, sannan ta koma ta zauna. Ta ce, "Ban yi maka baki ba, kuma ba zan yi ba. Amma ka rage zuwa. Muryarku ɗaya da wanka, in ka yi sallama sai in ɗauka shi ne."

Ba wanda ya kore shi daga unguwa, ba wanda ya kai shi ƙara. Yana nan a ɗakinsa, da tabarma da buta. Masu wucewa su ce sannu su ƙara sauri. In an buga ƙofa ya ɗaga kai, sai ya tarar gidan maƙwabci ne.

Ya 'yan uwa, ba ƙarfe ne ya kashe bawan Allahn nan ba. Girman kai ne ya ƙi nasiha, ya haifi ƙarya, ƙarya ta nemi rantsuwa ta jingina. Wa ke cikinmu da ba shi da mai gaya masa gaskiya, wanda yake kauce wa hanyarsa? Ka je ka same shi yau, tun yana iya amsa maka. Ƙofar tuba a buɗe take ga mutumin nan, kuma muna yi masa fatan rahama, amma tuba ba ta tono kabari.

Ya Allah, ka ba mu kunnen jin gyara, ka tsare harshenmu daga rantsuwar ƙarya, kada ka sa mu zama sanadin hawayen iyayenmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.