Shaidar da Mahmudu Ya Yi wa Ya'u

Akwai wani ɗan kasuwa a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui mai suna Mahmudu. Jirgin katako guda gare shi, wanda ke ɗauko masa manja da busasshen kifi ta kogin Ubangi. Maƙwabcin rumfarsa, Ya'u, shi ma yana da nasa, sabo fil.

Lokacin boren sojoji a Bangui, dakarun gwamnati suka sauko bakin ruwa neman jirgin da zai kwashi mutanensu. Ya'u ya riga ya ji ƙishin-ƙishin. Ya cika jirginsa da duwatsu ya nutsar da shi a gefen gaɓa, da nufin ya ciro shi in gari ya lafa. Sannan ya nuna musu na Mahmudu: "Kumanda, ga mai ƙarfi can."

Suka tafi da jirgin Mahmudu, bai sake dawowa ba.

Mahmudu ya koma sayar da manja kwalba-kwalba. Ya'u kuwa babu rumfar da bai zauna ya ba da labarin dabararsa ba. Ni da nake ji da kaina a zuba, ban kama ƙafarsa ba.

"Yaya Mahmudu," in ji shi, "da kana da kai irin nawa, ai da ba haka ba."

Mahmudu ya koma gida da maganar. Matarsa Zuwaira ta ce, "Malam, ka bar shi da Allah."

"Na bar shi. Amma ina nan kusa, ko za a aike ni."

Da rikici ya kwanta, gwamnati ta kafa kwamitin biyan diyyar jiragen da aka karɓe. Sharaɗin shi ne mai jirgi ya kawo wani mai jirgi ya rantse masa. Mahmudu ya samu tasa, don duk bakin ruwa an gani.

Ya'u ya je ciro jirginsa, ya tarar ambaliyar damina ta tafi da shi. Ko katako ɗaya babu.

Sai ga shi wurin Mahmudu da ƙullin goro. "Yaya, ka ce sojoji sun haɗa da nawa. Kai za su yarda da kai."

"Haba ƙanena! In ban yi maka shaida ba, wa zan yi wa?"

Ranar zama, Mahmudu ya sha babbar riga, ya fesa turare. Shugaban kwamiti ya tambaye shi, "Sojoji sun ɗauki jirgin wannan mutumin?"

"Ranka ya daɗe, wane soja? Ya'u ya fi su wayo! Da hannunsa ya nutsar da shi. Duk kasuwa ya ba mu labari, a tambayi kowa. Ni basirarsa na zo yabawa."

Aka kori Ya'u ba ko sisi, aka ce in ya dawo sai kurkuku. A bakin ƙofa Mahmudu ya miƙa masa goronsa: "Riƙe, ka ja jari."

Darasi: Kada ka tserar da dukiyarka ta hanyar miƙa ta maƙwabcinka, domin ranar da za ka nemi mai tsaya maka, shi za ka tarar. Ku tura wa 'yan uwa su amfana. Ku kuma masu karantawa ku wuce ba ko "sannu Admin", ina ganinku. Ni ma na iya jira kamar Mahmudu.