Bushiya da Garabasar Dila

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso, kunnenmu na nan.

Wata tsohuwar Bushiya ce, shekara bakwai tana sayen intanet na gida a wurin Dila, don ta riƙa ganin jikokinta da ke wani daji mai nisa. Kowane wata sai ta rage cefane kafin ta biya.

Rannan ta ji Dila yana ba sababbin zuwa garabasa, rabin kuɗi. Ta je ta ce, "Malam Dila, ni fa?"

Ya ce, "Ai Inna, garabasa ta baƙi ce. Ke kuwa 'yar gida ce."

Ta dawo ranta a ɓace. Maƙwabcinta Kurege, sarkin wayo, ya ce, "Inna, koma wurin Hankaka, shi ma yana rangwame. Ni duk wata uku nake sauyawa."

Ta koma. Ko kwana biyu ba a yi ba, sai ga Dila a ƙofarta yana haki. Ya ce, "Inna, dawo, na bar miki a rabi."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ashe tun can rabin ya ishe ka? Ni ina shan miya lami, kai kana karɓa kana yi mini murmushi."

Ta rufe ƙofarta.

Ƙurunƙus, a nan kan ɗan ɓera ya tsaya.